Injiniya Labaran da Ƙafafun Motar Darakta

A Unguwar Kanawa, in ka ce gidan Malam Labaran kake nema, sai an tsaya ana tambayarka wane Labaran. Amma kana cewa Injiniya, kowa zai nuna maka ƙofar, wasu ma har da murmushi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma bi shi da naci har ya zauna. Asalin injiniyancin kuwa, shekara ashirin da suka wuce ya taɓa yin mako uku a wani kamfanin harhaɗa motoci, yana zaune a bakin get yana rubuta lambar duk motar da za ta fita. Motoci suka yi ta wucewa ta gabansa, shi kuma ya ɗauka ilimin ya shige shi ta ido. Yanzu akawu ne a wani ofishin gwamnati a Doka, aikinsa kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan.

Ba a taɓa yin abin da ya lalace a gabansa bai ce aikin minti biyar ne ba. Shi ya gyara fankar masallacin layinsu, kuma tun daga ranar nan, da baya take juyawa, tana zuƙe iska daga kan masu salla tana kai wa silin.

Wata Juma'a da safe Hajiya Harira, daraktar ofishinsu, ta shigo da sabuwar motarta baƙa wuluk, wadda ko wata biyu ba ta cika ba. A hanya wani mai keke ya matse ta a shataletale, ta kauce masa, tayar gaba ta dama ta gogi dakalin simintin bakin titi. Rim ɗin, wato farin ƙarfen alminiyum mai ƙyalli da tayar ke zaune a kai, ya sami gurzuwa tsawon ɗan yatsa. Ta fito ta tsaya tana kallon tabon, ranta a ɓace. Kusa da ita Malam Aminu ne ya tsuguna, shugaban sashen motoci, wanda ranar Litinin za a yi masa bikin ajiye aiki. Kujerar da zai bari kuwa, Labaran ya fi wata shida yana mafarkinta.

"Bai yi zurfi ba, Hajiya," in ji Malam Aminu yana shafa wurin. "Akwai masu wannan aikin musamman. Su goge, su cike, su fesa fenti daidai da launinsa. Gobe sai in kai musu."

Labaran na wucewa da fayil a hammata, sai ya ja birki. "Subhanallahi! Malam Aminu, a ƙarshen aikinka kake so ka kashe wa Hajiya mota? Mutanen nan fa da guduma suke gaisawa da ƙarfe." Ya rusuna. "Ranki ya daɗe, wannan ai aikin minti biyar ne. Ki ba ni ita, Litinin in kawo miki, ko mai ƙera ta ba zai gane inda aka taɓa ba."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. "Ka tabbata, Labaran?"

"Ranki ya daɗe, a kamfani babu motar da take fita sai ta bi ta hannuna."

Malam Aminu ya yi wani ɗan tari. Hajiya na da taro, ga shi ta makara. Ta ce bayan an tashi ya zo ya karɓi makulli, kuma ƙarfe goma na safen Litinin motar ta kasance a ofis, don da ita za ta mayar da manyan baƙi masauki bayan bikin.

Da yamma Labaran ya shigo layinsu yana danna hon tun daga kwana. Matarsa Kaltume ta leƙo daga zaure, ta dubi motar, ta dube shi.

"Baban Jamila, ta waye?"

"Ta Darakta ce. Ta rasa wanda za ta amince wa a duk garin Kaduna sai ni. Ki shirya, daga Litinin matar shugaban sashen motoci za a riƙa ce miki."

"Ita Daraktar ta taɓa yin salla a masallacin layin nan?"

Ya wuce ta ya shige gida.

Asabar da hantsi ya fito sanye da shuɗin kakin makanikai da ya saya tun da daɗewa, wanda har ran nan ko ɗigon baƙin mai bai taɓa gani ba. Ya jera benci biyu a gindin dogon-yaro don masu kallo, kuma ba a jima ba suka cika. Tsallaken layi rumfar Sharhabil mai faci ce, wanda ya shekara goma sha biyar yana cire taya yana mayarwa. Gefen rumfar kuma Iya Hansai ce ke suyar ƙosai, kajinta na kiwo a gindinta.

Labaran ya zaro samfefar da ya aro wurin kafinta, mai kaushi kamar tsakuwa. Sharhabil ya tsallako.

"Injiniya, wannan ai ta katako ce. Da mai ɗan laushi ake farawa, ana yi ana jiƙawa da ruwa. Kuma ka fara manna salatif ka kare jikin taya."

"Sharhabilu, kai da iska kake aiki, ni da ƙarfe. Ka tsaya a kan iskarka."

Aka yi dariya, Labaran ya ji daɗi, ya kama gurza da ƙarfinsa. Kafin ya ɗago, tabon da yake tsawon yatsa ya koma faɗin tafin hannu, ƙyallin wurin ya tafi, sai zane-zane kamar kaji sun yi tono.

"Ya ƙaru fa," wani ya ce daga kan benci.

"Buɗe ciwon na yi. Likita ma sai ya buɗe yake ɗinkewa. Hannu ne ba ya sauri, bari in kawo inji."

Ya je ƙarshen layi ya aro injin gurza ƙarfe wurin mai walda. Ya ja doguwar waya har cikin gida, ya zare filogin firjin Kaltume, wanda ke cike da zoɓo da kunun ayar da take sayarwa, ya soka nasa. Yana kunna injin, ya yi ƙara sau ɗaya, sai aka ɗauke wuta. Labaran ya yi tsaki, ya jingina injin a jikin rim ɗin ba tare da ya kashe shi ba, ya juya wa motar baya, ya shiga yi wa jama'a bayanin bambancin alminiyum ɗin Jamus da na Japan. Ya kai inda yake cewa shi da ƙamshi kawai yake gane su, sai aka maido da wuta.

Injin ya farka da wata irin kururuwa. Ya bi bakin rim ɗin yana tartsatsi, ya haƙa rami mai zurfi, ya zame ya kafa haƙori a gefen taya. Sai ji aka yi fuuus, motar ta karkata. Daga nan injin ya faɗo ƙasa ya kama tsalle yana jan wayarsa, ya nufi benci. Masu kallo suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar hula. Iya Hansai ta sungumi kaskonta tana salati. Shi kuwa Injiniya, yana bayan dogon-yaro yana ba da umarni: "Kada wanda ya firgita! A kama shi ta wutsiya!" Ba wanda ya kama. Kaltume ce ta fizge filogin daga cikin gida, sannan aka sami lafiya.

Sharhabil ya tako a hankali, ya tsuguna ya sa yatsa a yankan da ke jikin tayar.

"To, Injiniya, yanzu dai an zo kan iskata."

"Ka yi mata faci mana."

"Ba a yi wa gefen taya faci. Wannan ta riga mu gidan gaskiya."

Dole Labaran ya bari Sharhabil ya cire sabuwar tayar Hajiya ya sa wata tsohuwa daga rumfarsa, wadda ta suɗe sumul, kuma ta ɗan fi sauran ukun tsayi. Labaran ya ce hakan ma ya fi, mota za ta riƙa ɗaga kai kamar ta manya.

Saura ramin da injin ya haƙa. Ya fito da gwangwanin fila, wani ƙullu mai kauri da ake cike ramin ƙarfe da shi, tare da ɗan ƙaramin bututun maganin da ke sa shi daskarewa. Ya shiga gida ya ɗauko farantin tangaran na Kaltume, wanda ba ta fito da shi sai an yi baƙi, ya haɗo da muciyarta.

"Ɗigo ɗaya ake sawa, kamar ƙwayar wake," in ji Sharhabil.

"Wannan na motar talaka ne. Ta Darakta ce wannan." Ya matse bututun duka a ciki.

Ya juya, ya ɗebo dunƙule guda ya ɗana a kan rim ɗin, sannan ya tsaya ya amsa wa wani da ya tambaye shi ko gaskiya ne Turawa sun taɓa roƙonsa ya bi su ƙasarsu. Amsar ta yi tsawo. Da ya koma kan farantin, muciya ta tsaya cak a tsakiya kamar an dasa ta. Ya ja, farantin ya biyo ta. Ya girgiza, ko motsi. Dunƙulen kan rim ɗin ma ya zama dutse, ya yi tudu.

Iya Hansai ta matso ta leƙa. "Ɗan nan, ashe kai ma ƙosai kake yi? Naka ya fi nawa girma."

Daidai nan Kaltume ta fito. Ta dubi farantinta da muciyarta sun zama abu ɗaya, ta karɓa ta ɗaga sama don kowa ya gani.

"Jama'a, ku shaida. Yau da wannan zan tuƙa tuwo, kuma a cikinsa Injiniya zai ci."

Bayan azahar ya hau keke zuwa Babbar Kasuwa neman fentin feshi. Mai shagon ya tambaye shi ko ya zo da hoton rim ɗin, don ruwan azurfa kala-kala ne. Labaran ya ce launin yana cikin kansa. Ya miƙa hannu kan kanta ya zaɓi gwangwani huɗu masu murfi mai walƙiya.

"Malam, ka karanta jikinsu tukuna, ko ka fesa a kwali ka gani."

"Ni za ka koya wa fenti? Kana goye nake fesa motoci."

Ya dawo, ya girgiza gwangwani a gaban jama'a har sai da hannunsa ya gaji, ya durƙusa ya danna. Abin da ya fito ruwan zinariya ne, rawaya shar, irin wanda ake shafa wa ƙofar gidan biki. Labaran ya dubi rim, ya dubi gwangwani.

"Azurfar ce haka?" Sharhabil ya tambaya.

"Da gangan na yi. Mace mai matsayin darakta, a ce tana yawo a kan azurfa kamar ƙaramar ma'aikaciya? Zinariya ce daidai da ita."

"To sauran ukun fa? Ko ƙafa ɗaya ce ta sami ƙarin girma?"

Nan Labaran ya ga babu mafita sai a fente duka huɗun. Jak ɗinsa na ɗaga mota ɗaya ne, don haka ya kwaso bulon laka daga kangon wani maƙwabci. Ya ɗaga nan ya tura bulo, ya ɗaga can ya tura bulo, har motar Hajiya ta tsaya a kan tubali huɗu a tsakiyar layi, babu ƙafa ko ɗaya. Notunan tayoyin guda ashirin ya zuba su a gwangwanin madara ya ajiye a bakin kwata. Ya jingina tayoyin a jikin motar, ya shiga feshi.

Watan Agusta ne, kuma tun ɗazu gabas ta haɗe. Iska ta taso. Rabin fentin na zuwa kan rim, rabi na bin iska. Ƙofar direba ta yi ɗigo-ɗigon zinariya, haka gilashi, haka gashin bakin Labaran. Wata farar kazar Iya Hansai da ta zo wucewa ta fita da fiffike ɗaya yana walƙiya.

"Injiniya, hadari fa," wani ya ce.

"Ba zai sauka ba. Na karanci sararin sama."

Bai rufe baki ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka ruga rumfar Sharhabil suka cunkushe, daga nan suka ci gaba da kallo, don ba wanda ya yarda ya tafi gida. Ɗanyen fentin ya bi ruwa yana zirara a jikin tayoyi. Kwata ta cika ta tumbatsa, ta ɗauki gwangwanin madara, ya yi ɗan lilo, ya kife. Labaran ya bi shi da gudu, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Yana nan zaune ya ji rumfa ta ɗauki salati. Ya waiwaya. Bulon laka ya sha ruwa. Motar ta fara sunkuyar da gaba a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, sannan baya ya biyo, har ta kwanta da cikinta a ƙasa.

Da ruwa ya tsagaita, Iya Hansai ta tako riƙe da kazarta ta miƙa masa.

"Ɗan nan, ungo. Tunda ka yi mata ado, sai ka nema mata miji."

Lahadi da safe layin ya toshe, ko babur ba ya iya wucewa sai ya hau dakalin mutane. Ba don ƙaunar Labaran ba, sai don su sami hanya, maza takwas suka taru da babban jak ɗin Sharhabil da katakai suka ciccibo motar daga taɓo. Labaran na gefe yana nuna musu inda za su kama, har sai da limamin layin, mutum mai haƙuri, ya ce masa, "Malam Labaran, don girman Allah ka yi shiru na minti biyar ɗin nan naka."

Suna gamawa ya juya kan ɗigon zinariyar da ke jikin ƙofa. Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan da ake narka fenti da shi, ya murza. Zinariya ta fita. Ya ƙara murzawa don ta fita sosai, sai baƙin ma ya biyo ta. Kafin ya ankara, tsakiyar ƙofar direba ta yi wani toka-tokan fili, faɗin faifai.

Yana tsaye yana kallonsa wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Harira ce. Ya gyara murya, har da rusunawa.

"Ranki ya daɗe! Aiki ya yi kyau ƙwarai, saura ɗan shafe-shafe. Wallahi gobe in kika ga motar nan ba za ki gane ta ba."

Kaltume na bakin zaure tana zubar da kunun ayar da ya yi tsami, don tun jiya ba wanda ya tuna ya mayar da filogin firji. Ta ce, "Yau dai ka faɗi gaskiya." Da ya kashe wayar ta matso kusa, ta sassauta murya. "Baban Jamila, ka kira matar nan ka gaya mata abin da ya faru. Aikinka ne fa abincin gidan nan. Ka bari Sharhabil ya kai ta wurin masu yi, ko kwana uku ne a yi haƙuri."

"In kira ta in ce me? In ce Injiniya ya kasa? Gobe a gaban manyan baƙi za a ambaci magajin Malam Aminu, ke kina maganar kwana uku."

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin baƙin man takalmi da buroshi. Ya shafe tokan filin nan tas, ya goge. A inuwar dogon-yaro, in ka tsaya nesa ka kanne ido ɗaya, ba laifi.

Sai batun notuna. Ya naɗe wando ya shiga kwata yana lalube har la'asar, ya tsamo goma sha uku cikin ashirin. Ya raba su: huɗu, huɗu, uku, tayar gaba ta dama kuma, mai ƙosan fila, ta sami biyu.

Wannan karon Sharhabil bai yi dariya ba. "Injiniya, bar wasa. Biyar kamfani ya sa wa kowace taya. Ka jira gobe kasuwa ta buɗe in samo maka irinsu."

"Biyu ne ke aiki, ukun ado ne. Mu da muka zauna a kamfani mun sani."

"To kawo in ɗaure maka su da kyau."

"Hannuna ma'auni ne. Na riga na ɗaure."

Litinin ƙarfe tara da rabi Labaran ya fito cikin farar babbar riga mai aiki, ya kafa hula. Ya ce Kaltume ta zo ya rage mata hanya zuwa kasuwa, ta ce ta gode, tana da 'ya'ya ƙanana. Ya tayar da mota. Sharhabil ya rufe rumfarsa, ya ɗaure jak a bayan babur ya bi shi a baya, ya ce wa Iya Hansai ba zai iya jiran labari daga bakin wani ba.

Motar na tafiya tana rangaji, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, sitiyari na karkarwa a hannun Labaran. Masu keke na nuna ƙafafun zinariyar suna ihu, shi kuma yana ɗaga musu hannu, a zatonsa yabo ne. Rana ta fito, man takalmin ƙofa ya fara narkewa yana gangarowa.

Kafin get ɗin ofishin akwai 'yar gangara. Labaran ya hango rumfunan biki a harabar, ya ji muryar lasifika, sai ya ƙara wuta don ya shiga da kwarjini, ya danna hon, sannan ya taka birki. Sai ga wata taya mai rim ɗin zinariya ta fito ta gefensa na dama, ta wuce shi a guje. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne, ashe har wani ya kwaikwayi fentinsa. Bai gama tunanin ba gaban motar ya faɗi ƙasa da ƙara, ƙarfe ya kama kwalta yana tartsatsi.

A cikin harabar, Hajiya Harira na tsaye da makirufo tana yabon Malam Aminu, tana cewa shekara talatin da biyar yana kula da motocin ofis ba a taɓa samun ko noti ɗaya ya ɓata ba. Tayar ta shigo ta get, maigadi ya yi tsalle ya ba ta hanya. Ta bi tsakiyar kujeru tiryan-tiryan kamar an gayyace ta, mata na janye ƙafa suna ihu, ta ture teburin lemo, ta daki ƙafar babban tebur, ta yi juyi uku, ta kwanta a gaban Hajiya, ƙosan filar nan yana sama.

Malam Aminu ya miƙe, ya gyara tabarau, ya leƙa.

"Ranki ya daɗe, ina jin motarki ce ta fara isowa. Kaɗan-kaɗan take zuwa."

Sauran motar ta ja ciki ta tsaya a bakin get, ta toshe shi. Labaran ya fito, ya jingina da ƙofa yana gyara hula, da ya ɗago kuwa, bayan farar rigarsa ya yi baƙi ƙirin. Ya tako tsakiyar taro, ɗaruruwan idanu a kansa, wayoyi duk an ɗaga ana ɗauka. Ya rusuna.

Hajiya ta manta makirufo na hannunta, don haka har masu shago a tsallaken titi sun ji.

"Labaran, mene ne wannan?"

"Ranki ya daɗe, taya ce."

"Na ga taya ce. Ta wa?"

"Taki ce, ranki ya daɗe. Gwaji nake yi. A kamfani haka muke sakin taya ita kaɗai, mu ga ko tana tafiya daidai. Kin ga kuwa ko karkacewa ba ta yi ba."

Wani babban baƙo da ya zo daga Abuja ya ƙware da lemo, sai da aka bubbuga masa baya. Hajiya ta taka har bakin get, jama'a na biye. Ta zagaya motar sau ɗaya. Ta ga zinariyar da ta zirara, ta ga gurbin tayar da ta fice, ta ga taɓo har gindin ƙofofi. Ta sa yatsa a ƙofar direba, ta shinshina.

"Man takalmi?"

"Mai kyau ne, ranki ya daɗe, na waje."

Sharhabil ya sauka daga babur da jak a hannu, ya gaishe ta, ya ce shi maƙwabci ne, in an ba shi izini zai ɗaga motar a sami hanya, kuma ya san inda masu gyaran gaske suke. Hajiya ta ce Allah ya yi masa albarka. Sannan ta juya ta kira jami'ar kula da ma'aikata, wata Malama Zainab.

"Ɗakin tsofaffin fayil na ƙasan bene, har yanzu babu kowa a ciki?"

"Babu, Hajiya, sai ɓeraye."

"Daga yau can ne ofishin Labaran. Kada ya ƙara kusantar inda ake ajiye motoci, ko inuwa yake nema. Can ƙasa dai na tabbata babu wani abu mai taya."

Malam Aminu ya ɗan yi gyaran murya. "Akwai tsohuwar kujera guda, ranki ya daɗe, mai 'yan tayoyi a ƙafa. Ɗaya ma tana ɗan ƙara."

Idon Labaran ya yi haske, ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki.

"A fitar da ita," in ji Hajiya, "kafin ya sauka."